Baturiya Ta Ce

Na je Landan bayan an canza kuɗi, an bar fam da sule an koma naira, bayan kuma farin nan da ya karkashe shanu har Buzaye suka sauko garinmu da raƙumansu ramammu. Shekarar ce gwamnati ta zuba wa ma'aikata kuɗi a hannu, kowane malamin makaranta ya sayi babur, kasuwa ta cika da rediyo da kwanukan tangaran. Yayata Dije ta rasu cikin azumin shekarar, ni kuwa na tashi bayan babbar salla. Wanda ya san waɗannan ya san lokacin.

Tun da na dawo mata ba su bar ni na huta ba. Gidan biki, gidan suna, har gidan gaisuwar mutuwa sai wata ta matso ta ce, "Kande, wai da gaske can ƙasa ce take tafiya da mutum yana tsaye?" Wadda ta tambaye ni jirgi, jirgi nake ba ta. Wadda ta tambaye ni sanyi, in ba ta sanyi. To yanzu tsufa ya zo, na sa a rubuta shi gaba ɗaya, tunda ni ban yi boko ba, baki Allah ya ba ni. Wadda ta ji ta ji ke nan, kada a sake tare ni a hanya.

Abin da ya kai ni, 'yata ta fari ce ta haihu. Ba na faɗin sunanta. Ta-Yaya nake ce mata, don tun ranar da aka yaye ta Yaya Dije ta ɗauke ta. Ita ta riƙe ta, ta sa ta boko, ta aurar da ita ga wani ɗan garinmu da gwamnati ta tura karatun lauya. Mu haka muka tashi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a zura masa ido a gaban mutane. Ni kuwa a garinmu da ni ake misali. Da Yaya tana da rai ita za ta je wankan jego, ba ni ba. Da ta rasu sai abin ya faɗo kaina.

Daga Kazaure muka shiga motar haya zuwa Kano, ni da ƙanena Garba da zai sa ni a jirgi. Na haɗa gero, kanwa, daddawa, kuka, yaji, kilishi, da ganyen runhu busasshe na wankan jego cike da buhu. Na so in tafi da turmi. Garba ya ce in har na ɗauki turmi shi ya fasa rakiya. A Kano aka yi mini allura a dantse, aka kai ni wurin mai hoto saboda fasfo. Yaron nan ya ce in ɗaga mayafi in dube shi ido cikin ido. Na ce, "Kai, uwarka haka take duban maza?" Da ƙyar aka samu hoton, shi ya sa duk wanda ya ga fasfona yake cewa kamar an yi mini sata.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wata mata, Rifkatu, Kirista ce mutuniyar kudancin Zariya, tana aikin nas a wani babban asibiti a can Landan. Hausarta tas. Ta ga ina juya ɗamarar kujera, ta ce, "Mama, kawo in ɗaura miki." Na ce na iya. Ban iya ba. Ta bar ni na yi ta fama, sannan ta miƙo hannu ta ɗaura mini. Da aka kawo abinci a ɗan faranti rufe da takarda mai ƙyalli na kau da kai. Ta ce, "Kaza ce, Mama, ba abin da kike tsoro ba." Na ce ba na jin yunwa. Cikina kuwa yana ƙara har tana ji. Ta tura mini burodinta, ta juya tana kallon taga don in samu in ci.

Ban-ɗakin jirgi shi ya fara zubar mini da girma. Na shiga, na gama, na ga wani abu na danna. Wata irin ƙara ta tashi kamar ƙasa ta tsage. Na fito a guje, ɗankwali a hannu, ina salati, ina cewa na huda jirgi. Turawa suka ɗago kai suka dube ni, suka mai da kai ga jaridunsu. Ba wanda ya yi dariya. Wallahi da sun yi dariya da ya fi mini sauƙi.

Da muka sauka aka kai kayana gaban wani ɗan kwastan, ja wur kamar an yanka tumatir. Ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya ja da baya har ya buge abokin aikinsa. Ya ɗauki kanwa ya juya ta, ya lasa, ya tofar. Da ya zo kan buhun ganye sai ya kira na gaba da shi. Rifkatu ta tsaya tana yi musu Turanci, tana nuna baya, tana nuna ciki. Na ce me suke cewa? Ta ce, "Wai suna tambaya ko busawa kike yi." Ni, jikar limamin Juma'a, a tambaye ni ko wiwi na ɗauko! Suka bar mini ganyena da kanwata, suka riƙe kilishi. Har yau ina zaton su suka cinye.

Surukina yana jira a waje. Lauya nake ce masa. Ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar mutane, yaron kirki ne. Ya dubi ƙafata da silifa da ɗan mayafina, sai ya cire kwat ɗin da ke jikinsa ya miƙo. Rigar suruki, da ɗuminsa a ciki! Na ƙi. Muka kai bakin ƙofa, iskar garin ta mare ni, na karɓa na sa. Sai ga matakalar nan mai tafiya da kanta. Na tsaya a bakinta, mutane suka taru a bayana suna jira. Lauya ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, sai dai in riƙe ki." A garinmu in na hango shi a lungu, canza hanya nake yi. Ran nan da hannuna cikin nasa na shiga Ingila, sanye da rigarsa.

Unguwarsu Camberwell. Gidan bene ne tsoho, su a sama, mai gidan a ƙasa. Ɗaki biyu ne da ɗan kicin da makewayi ɗaya tak. Bangon kamar takarda, in Lauya ya yi tari ina ji, in na yi gyatsa yana ji. Ba zaure, ba tsakar gida, ba inda za ka kauce wa suruki. A kicin nake cin abinci a tsaye, fuskata ga bango. Abincinsu kuwa dankali da kifi naɗe a takarda, ba yaji ba gishirin kirki. Na koyi tuƙa tuwo da garin shinkafa na kanti. Rana kuwa kafin ka shafa addu'ar la'asar ta faɗi. Maƙwabta ba sa gaisuwa, amma kare suna yi masa magana kamar ɗa. Abu ɗaya na yaba musu: ana ajiye kwalaben madara a bakin ƙofa da safe, ba mai taɓa na wani.

Na sami Ta-Yaya a kwance, fuskarta ga bango. Ta juyo ta ce, "Sannu da zuwa, Inna," ta koma. Jaririn yana can ɗaya gefen ɗakin cikin ɗan gadonsa, namiji, ƙato. In ya yi kuka ba ta motsi. In an miƙa mata shi ta ba shi nono sai ta kau da kai, hannuwanta a sake, har a ɗauke shi. Ba ta dubansa, ba ta taɓa kumatunsa. Nono ya ƙi zuwa, aka koma madarar gwangwani.

Ku ji abin da na ji a raina: daɗi na ji. Na ce alhamdu lillahi, boko bai ɓata ta ba, Ingila ba ta ɓata ta ba. Jinina ce. Ga kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda ko a Kazaure ta fara wuya.

Ran suna aka sa masa Aminu. Matan ɗalibai da na ma'aikata suka zo, wasu daga can unguwar Barking, suka cika ɗakin da turare da Hausa mai gauraye da Turanci. Rifkatu ma ta zo, don Lauya ya gayyace ta tun a filin jirgi. Na ɗauki angona ina zagayawa da shi, ina nuna musu uwarsa a ƙurya. Na ce, "Ku dube ta, ku koya. Tun da ta haife shi ko kallo bai ishe ta ba. Ku kuwa na ga kuna ta sumbatar 'ya'yanku a gaban mutane kamar Turawa." Wasu suka sunkuyar da kai. Na ɗauka maganata ce ta shige su.

Rifkatu ta ja ni kicin ta tura ƙofa. Ta ce, "Mama, yarinyar nan ba ta da lafiya."

Na ce, "Kunya ce. Ku ba ku san ta ba."

Ta dube ni ta ce, "Mu ma a garinmu ana kunyar ɗan fari, Mama. Amma mai kunya takan saci kallo in ta ga ba kowa. Wannan tun ɗazu nake lura, ba ta sata."

Na ce ta je ta yi aikinta a asibitin Turawa, ta bar mini 'yata. Matar da ta ba ni burodinta a jirgi, haka na ce mata. Ta ɗauki jakarta, ta yi mini sallama da ladabi, ta tafi.

Wanka kuwa ban fasa ba. Na ƙi bahon nan nasu mai kama da kwale-kwale. Sai in tafasa ruwa a kan gas, in ajiye kujera a ƙasan makewayi, in zaunar da ita, in tsoma ganye in yi ta fyaɗa mata. Tana zaune kamar itace, ko "wash" ba ta cewa. Ban san ƙasan gidan katako ba ne. Wata safiya muna tsaka da wanka aka buga ƙofa. Mai gidan ce, wata tsohuwar Baturiya gajera mai farin gashi, Misis Rozi, riƙe da tukunya cike da ruwa kore. Ashe duk ruwan da nake zubarwa a kan teburinta yake sauka. Na shirya faɗa, don ni ko ban ji yare ba na iya faɗa. Amma ta leƙa ta bayana ta hango Ta-Yaya ɗaure da zane, tururi yana tashi a jikinta. Ta daɗe tana duban fuskarta. Ta ajiye tukunyar, ta yi mata wata gajeriyar magana a hankali, ta sauka. Daga ranar na koma yi a cikin baho.

Arba'in ta kusa, Lauya ya same ni a kicin, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. Ya ce jarrabawa ta taso masa, in na tafi ba mai kula da yaro. Ya ce ɗalibai da yawa suna kai jariransu riƙo wurin Turawa a ƙauye. Na ce a kai jinin liman gidan da ba a salla? Na ce ni zan tafi da shi Kazaure. Ɗan fari ai dama ba a hannun uwarsa yake tashi ba, kuma tunda gwangwani yake sha, gwangwani akwai shi a Kano. Lauya ya yi ajiyar zuciya, ya ce zai yanki tikitin jirgi, a sa yaron a takardun tafiya. Aka faɗa wa Ta-Yaya. Ba ta ce uffan ba. Na ce kun gani, ta yarda. Har na aika wa matan unguwarmu ta bakin wani ɗalibi mai komawa gida cewa ina nan tafe da ango.

Saura kwanaki kaɗan mu tashi, wata azahar na idar da salla na leƙa ɗaki, ba ta nan. Mai jego, ba ta yi arba'in ba, ta fita! Na goya Aminu na sauko. A ƙasan bene na ji murya daga ɗakin Misis Rozi, muryar Ta-Yaya, tana magana tiryan-tiryan, ita da a sama sai ta wuni ba ta ce kalma uku ba. Na tura ƙofa ban yi sallama ba.

Suna zaune a teburi, kyanwa a kan kujera, ga butar shayi. A gabansu an shimfiɗa wasu katuna masu hotuna, sun fi na karta girma. Ba sai an gaya mini ba. Na san ƙasa da ake bugawa, na san wuri da ake zubawa. Wannan duba ne, na Turawa.

Na dubi bango na ce, "Inna lillahi. A gidan boka aka ƙare? A tashi a wuce."

Ta-Yaya ba ta tashi ba. Misis Rozi ta kori kyanwar, ta ja mini kujerar, ta zuba shayi, ta yi magana. Ba mai fassara sai Ta-Yaya. Ta ce, idonta a kan teburi, "Ta ce ki zauna. Ta ce ba gobe take duba mini ba, hotuna muke kallo."

Na zauna, don in ji da wace ƙarya ake cin 'yata. Misis Rozi ta yi ta bayani, Ta-Yaya tana mayarwa. Wai sunan katunan tarot, ta gaje su wurin uwarta. Gida huɗu ne a cikinsu: takubba, sanduna, kuɗi, da kofuna. Sauran ta tattara ta mayar cikin kwali, don tun ranar farko kofunan kaɗai Ta-Yaya take son gani. Wai kofi na ruwa ne, ruwa kuma zuciyar mutum ce, abin da yake so da abin da yake yi masa ciwo. In kofi ya cika yana zuba, alheri ne. In ya kife, abin ya tsiyaye.

Na ce a gaya mata mu a wurinmu kofi na shan ruwa ne.

Amma idona ya faɗa kan wani kati. Wani ƙaton mutum zaune ya harɗe hannu, a bayansa an jera kofuna reras a kan kanta. Na ce, "Wannan kuma namiji ne da jere kamar amarya? Uwarsa ce ta yi masa?" Ta-Yaya ta mayar. Misis Rozi ta yi dariya har da buga teburi, ta ce wannan mutum ne da ya sami duk abin da ya roƙa, yana so a gani. Na ce to mun san irinsa, akwai su a kasuwarmu. Ta turo mini wata sarauniya zaune a bakin ruwa, ta zura wa kofinta ido. Wai duk cikin katunan kofinta ne kaɗai mai murfi, abin da ke ranta ba mai gani. Na ce wannan ita ce mai hankali a cikinsu, macen kirki ba ta barin ƙwaryarta a buɗe. Misis Rozi ta dube ni ta saman tabarau.

Akwai kati ɗaya da Ta-Yaya ta dafe da yatsa tun shigowata. Wani saurayi ne zaune gindin itace, ya naɗe hannuwa a ƙirji. Ga kofuna a gabansa, ga wani hannu ya fito daga gajimare yana miƙo masa wani, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ga ɗan mutunci. An miƙo masa abu bai yi rawar jiki ba. Wannan an yi masa tarbiyya, kara yake yi."

Ta-Yaya ta mayar. Misis Rozi ta girgiza kai, ta faɗi wata 'yar magana, ba ta fi ka ce "a'a, ba haka ba."

Ta-Yaya ta ce, "Ta ce ba kara ba ce. Ta ce yana so ya karɓa, hannun ne ya ƙi ɗaguwa. Ta ce in gari ya waye ji yake kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji. Ta ce tsoro yake ji kada ya karɓa ya suɓuce masa ya fashe. Ta ce kowa yana yaba masa, shi kuwa so yake a tambaye shi me ya same shi. Ta ce in jaririn ya yi kuka, ji yake kamar..."

Ta tsaya.

Ni ban yi boko ba, amma na san tsawon magana. Na sake duban katin. Itace, saurayi, kofuna. Ba jariri a ciki.

Aminu yana barci a bayana, numfashinsa yana dukan wuyana. Na tuna abin da na tsaya na faɗa ran suna a gaban matan mutane. Na tuna Rifkatu da jakarta. Da ƙasan gidan nan na katako ya buɗe, da na shige. Ga shi a gaban kayan duba na ji, a ɗakin Baturiya, bakin 'yata ya ari bakin wata kafin ya iya gaya mini.

Ban iya dubanta ba. Ban saba ba. Na laluba cikin katunan na jawo wani da na gani tun farko na kau da ido. Mutum ne tsaye lulluɓe da baƙin mayafi, ya ba da baya, yana kallon kofuna uku da suka kife, abin cikinsu ya malale a ƙasa.

Na ce, "Ki gaya wa Baturiya wannan na san ta. Mace ce. Ki ce mata ranar da aka yaye 'yarta aka tafi da ita, ta yi shara, ta yi daka, ta yi dariya da mutane, kowa ya ce kai, wannan akwai kunya. Da ta sami sarari ta zaga bayan rumbu ta cusa mayafi a baki don kada a ji. Ki ce mata akwai wata huda a dangar gidansu, ta wajen hanyar makarantar 'yan mata. Ita ta huda ta. Shekara da shekaru ba ta bari an gyara dangar nan ba."

Ta-Yaya ba ta fassara ba. Misis Rozi tana duban wannan tana duban waccan, tana jira. Da ta ga ba mai mayar mata, sai ta sa yatsa a bayan mai baƙin mayafin, inda wasu kofuna biyu suke tsaye ba su zube ba. Ta ƙwanƙwasa wurin, ta ɗauki butar shayi ta shige kicin ta bar mu.

Ɗakin ya rage daga ni sai ita sai kyanwa. Hawaye yana ɗiga a kan katin saurayin. Ta ce, "Inna, Baturiya ta ce kada a tafi da shi."

Baturiya tana kicin, ana jin ƙarar famfo.

Na ce, "Ki ce mata ba inda za shi."

Na kwance goyo na ɗora mata shi a cinya. Ta ce zai faɗi. Na durƙusa a gabanta, ni da ban taɓa durƙusa wa na ƙasa da ni ba, na sa hannuwana a ƙarƙashin nata na tallafe. Na ce ba zai faɗi ba, ina riƙe. Haka Misis Rozi ta dawo ta same mu.

Kada wata ta ce kati ya warkar da ita. Takarda ba ta san gaibu ba, kuma na yi istigfari na zaman da na yi a teburin nan, da na dawo ma na ba da sadaka. Ciwon ya daɗe. Washegari na sa Lauya ya kai ni gidan Rifkatu, ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, da matakalarsa da komai. Ta buɗe ƙofa ta gan ni, na rasa ta inda zan fara. Ta ce, "Mama, shigo, sanyi." Ba ta bar ni na ƙarasa ban haƙurin ba. Ita ta kai Ta-Yaya wurin likita, aka ce ciwo ne sananne da yake kama wasu masu jego, aka ɗora ta a kan magani. Lauya ya je ya soke tafiya. Ni da na zo wankan arba'in, sai da na ga itatuwan titinsu sun yi sabon ganye. Ranar da na leƙa ɗaki na same ta tana shinshina kan Aminu, ta ɗauka ba mai ganinta, na koma kicin da sanɗa.

Na sauka Kazaure hannu biyu. Mata suka taru, "Kande, ina angon da kika yi mana alkawari?" Na ce likitan Turawa ya hana shi hawa jirgi. Wannan ƙarya ce, yau na janye ta.

Mutanen tafiyar nan yawanci sun riga mu. Garba ya rasu. Misis Rozi mun ji rasuwarta bayan su Lauya sun dawo gida da 'yan shekaru. Lauya ya yi alƙalanci, shi ma ya tafi, Allah ya ji ƙansa, ban taɓa ganin suruki mai haƙurinsa ba. Rifkatu tana nan a Barking, ƙafa ta hana ta zuwa gida, amma duk mai zuwa sai ta aiko a gaishe ni. Aminu yana Kaduna da iyalinsa, shi yake ɗaukar ɗansa na fari a kafaɗa a gabana, in kau da kai in yi kamar ban gani ba.

Sai ni, sai Ta-Yaya. Ita ma furfura ta fito mata. Takan zo ran Juma'a ta zauna a bakin gadona, mu yi hirar tsadar gero da ciwon gwiwa. Juma'ar da ta wuce ta daɗe tana juya kwalbar maganina da ban taɓa ba, sannan ta ce, "Inna, Baturiya ta ce in kika ƙi shan maganin nan kika tafi, ita ba ta san wurin wa za ta riƙa zuwa ba."

Na ce, "Ki gaya mata na ji. Miƙo ruwa."